Kafin ka canza giyar bak aksil, ƙirga haƙoranta tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan tambayar da wani bawan Allah ya aiko shafinku na motoci kwanakin baya, wanda yace a-kori-kurarsa ta daina ja tunda ya sa mata manyan tayoyi, wai abokansa sun bashi shawara ya canza giyar bak aksil zata dawo da ƙarfinta har ma ta fi da. Amsar da aka bashi ba laifi, ance eh ana yin haka, ya nemi bakanike mai kyau. Amma ni inaga an taƙaita da yawa, dan ni na bi hanyar nan da ƙafata kuma sai da na biya aikin sau biyu sannan na gane abinda ya kamata in sani tun ranar farko. Ni ba bakanike bane, mai mota ne kawai mai yawan tambaya da leƙa ƙarƙashin mota, toh abinda na gani da idona shi zan faɗa.

Wanda bai taɓa ganin cikin abin ba, in ya durƙusa a bayan motar da ke tafiya da ƙafar baya zai ga wani ƙullutu a tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, wato bak aksil, inda farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ta taso daga giyabos, ta je ta ƙare. A cikin ƙullutun nan akwai ƙaramin haƙori da farfela ke juyawa, shi ake cewa finiyon, sai wani babban faifai mai haƙora a gefensa da ake cewa kurawun. Finiyon ya juya kurawun, kurawun ya juya tayoyi. A tsakiyar kurawun ɗin kuma akwai wasu 'yan ƙananan haƙora da aikinsu shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in an zo kwana, su ne ainihin abinda ake kira difarenshal, tun 1827 wani Bafaranshe Onésiphore Pecqueur ya yi rajistar dabarar, kafin ma a san wata mota mai fetur. Waɗannan ƙananan babu ruwansu da maganarmu, ba a taɓa su in dai lafiyarsu ƙalau. Abinda ake canzawa kurawun ne da finiyon. Masu motar da ke ja da ƙafar gaba kuwa wasiƙar nan ba tasu bace, nasu haƙoran a cikin giyabos suke.

Lambar da ake ta faɗa, 3.73 ko 4.10 ko 4.56, ba wani sirri bane, haƙoran kurawun ne aka raba da haƙoran finiyon. Kurawun mai 41 da finiyon mai 10, 4.10 kenan, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya sannan taya ta juya sau ɗaya. 41 da 11 shi ne 3.73. 41 da 9 shi ne 4.56. 39 da 8 shi ne 4.88. Kaga tsakanin 4.10 da 4.56 haƙori ɗaya tak ne a jikin finiyon, amma haƙorin nan ɗaya yana canza halin mota gaba ɗaya. Kuma kada wani ya ga 41 a nan 41 a can yace ai sai a canza finiyon kawai a bar kurawun, ba ya yiwuwa, yankan haƙoran ba ɗaya bane, kowane kurawun da finiyonsa aka yanka shi. Zan dawo kan wannan dan nan ne na sha wuya.

Abinda abokan mutumin nan basu faɗa masa ba shi ne bak aksil ba ya haifar da ƙarfi. Inji ne ke da ƙarfi, haƙora musaya kawai suke yi. In ka tashi daga 4.10 ka koma 4.56 ƙarfin murɗa taya zai ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100 a kowace giya, mota zata tashi da lodi babu gardama, zata hau tudu ba sai kana ta sauko da giya ba, amma a daidai wannan kashi 11 ɗin injin zai ƙara juyi a kowane gudu. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san abin, in ka sa sarƙa a babban faifan baya feda tayi laushi ka hau tudu a zaune, amma a miƙaƙƙiyar hanya ƙafarka zata ta wulwulawa keken ba ya zuwa ko'ina. Sannan akwai rikicin suna da ke ruɗa mutane wajen saye, lamba babba ita ce gajeriyar giya mai ja, lamba ƙarama ita ce doguwar giya mai gudu. Wani yace maka a sa mata babbar giya, tsaya ka tambaye shi lamba nawa yake nufi, dan abinda shi yake kira babba wataƙila kai shi kake kira ƙarama.

Toh ga yadda tawa ta kasance. A-kori-kura ce mai fo-wil, wato mai iya ja da ƙafa huɗu, manuwal giya biyar, ta zo da taya 235/75R15 wanda tsayinta kusan inci 29 ne, bak aksil ɗinta 4.10. Sai sha'awa ta ɗebe ni na ɗaga ta na sa mata taya mai inci 33. Wallahi tayi kyau, in na faka sai na waiwayo na ƙara kallonta. Amma ranar da na fara ɗora mata kaya na san na taro aiki, tashi daga tsaye sai na riƙe kuloci kamar mai lallashin jariri har ina jin ƙaurinsa, giya ta biyar kuwa ta zama ado, da na sa ta in hanya ta ɗan yi tudu sai injin ya fara kakkarwa in dawo ta huɗu. Mai ma da nake zaton zai ragu tunda injin ba ya juyi da yawa, sai naga shansa ya ƙaru, dan kullum ƙafata a nutse take cikin totur.

Daga baya na zauna da biro da takarda naga dalili ƙuru-ƙuru. Babbar taya tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya, dan haka kamar ka rage lambar bak aksil ne baka sani ba. 4.10 sau 29 a raba da 33, abinda ya fito 3.60. Wato ban kwance ko noti ɗaya a bak aksil ba amma na maida motata mai 3.60, ga nauyin tayar kanta a kai. In kuma kana son sanin lambar da zata dawo da kai inda kake da, sai ka juya lissafin, 4.10 sau 33 a raba da 29, ya bada 4.67. Babu haƙora masu 4.67 na motata, abinda ake samu 4.56 ne ko 4.88, ɗaya ƙasa kaɗan ɗaya sama kaɗan.

Akwai wani lissafin kuma da nake roƙon mai shafin motoci ya buga shi da manyan baƙi wata rana, dan shi ke nuna maka yadda motar zata zama tun kafin ka sayi komai. Ka ɗauki gudun da kake yawan yi a kilomita, ka ninka da lambar bak aksil, ka ninka da 209, ka raba da tsayin taya a inci, abinda ya fito shi ne juyin inji a minti ɗaya a giyar da take ɗaya da ɗaya, galibi ta huɗu a manuwal mai biyar. In a ta biyar kake so sai ka ƙara ninkawa da lambarta, ni tawa wajen 0.85 ce. Da na yi nawa a kan gudun 100 a giya ta biyar, yadda motar ta zo daga kamfani injin na juyi kusan 2,500. Da manyan tayoyi ya faɗo wajen 2,200, shi yasa yake kakkarwa. Da 4.56 zai koma wajen 2,450, da 4.88 kuma ya haura 2,600. Tunda ni rabin tafiyata a kwalta ce mai nisa bana son injin yana min kuka a kunne, sai na tsaya a 4.56. Wanda kullum cikin lodi da jan tirela da yashi yake, da ni ne shi 4.88 zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Zuwa nan duk daidai nayi. Inda na yi wauta shi ne wajen zaɓen mai aikin. Wani aka haɗa ni da shi, ba zan kama sunansa ba dan ba tona asiri na zo yi ba, kuma a aikin birki da ƙafafu hannunsa na da kyau. Yace Oga wannan ai ƙaramin aiki ne, zuwa yamma ka zo ka ɗauki motarka. Yace kuma ba sai na sayi sabo ba shi zai samo min na hannu mai kyau. Nace haƙoran aksil ɗin gaba fa? Yace Oga ai na gaba barci yake sai ka sa fo-wil, a yi na baya yanzu na gaba sai ka samu sarari. Maganar ta min daɗi dan ta rage min kashe kuɗi, sai na bi son zuciya nace toh.

Yamma nayi na dawo na tarar har an wanke hannu. Na ja ta, kai, ta dawo da ranta, tashi ɗaya babu jan kuloci, ina ta murna. Sai dai da na kai wajen gudun 70 na fara jin wani siririn kuka daga baya, wuuu, kamar iska na shiga kwalba, in na ɗaga ƙafa daga totur sai muryar ta canza ta koma gurnani. Na kira shi yace sabon haɗi ne Oga, haƙoran basu saba da juna ba, zai daina. Na yarda. Sati biyu, wata ɗaya, kukan sai ƙaruwa yake har sai na ƙure rediyo sannan in samu sauƙi.

Ana haka rannan na shiga wata hanya mai laka bayan ruwan sama, na manta shaf da maganar na gaba, na sa fo-wil. Cikin lakar ban ji komai sosai ba dan tayoyin na samun zamewa. Ina fitowa kan busasshiyar ƙasa mai tauri, Malam Edita, sai motar ta fara tirjiya tana tsalle kamar akuyar da ake ja da igiya, tayoyi na ƙugi, sitiyari yayi nauyi, libar fo-wil ɗin kuma ta ƙame ta ƙi fita sai da na yi ribas mai ɗan nisa sannan ta saki da wata ƙara da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Dalilin a fili yake, taransfa, wato akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, tana juya farfelar gaba da ta baya da gudu ɗaya, amma gaba 4.10 baya 4.56, kenan duk juyi 100 da tayar baya zata yi ta gaba tana son yin 111. Wannan bambancin dole ya fita ta wani waje, in taya bata zame ba to haƙori ko sarƙar taransfa ko kuros ɗin farfela ne zai biya. Allah ya rufa asiri ban yi nisa ba. Dan haka mai fo-wil ya sani tun yanzu aikinsa biyu ne, gaba da baya lamba ɗaya rana ɗaya, kuma kafin ya sayi na baya ya tabbatar ana samun na gaba mai irin lambar. Ɗan bambanci irin 4.10 da 4.11 ba komai, wannan ko kamfanoni na yi.

Daga nan ne wani abokina ya kai ni wajen wani dattijo da aikinsa kenan, giyabos da bak aksil kawai, ba ya taɓa inji. Bai ko tambaye ni labari ba yace mu zaga, ya zauna a baya ya sunkuyar da kai yana saurare, yace taka, na taka, yace saki, na saki. Muka dawo yace ɗana wa ya ɗaura maka wannan? Nace Baba wani ne. Yace wannan ba ɗaurawa aka yi ba, cusawa aka yi.

Tawa irin wacce ake kwance kan gaba ɗaya a ɗora a benci ce, kamar na Toyota da yawa da tsohuwar Ford mai kurawun inci 9, dan haka komai a gabana aka yi. Da ya zubar da man sai naga yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin azurfa. Ya wanke kurawun da finiyon da kananzir ya goge da tsumma, ya kira ni yace karanta min lambar nan, wata 'yar lamba da aka zana a gefen kurawun. Na karanta. Ya juyo kan finiyon yace wannan fa? Lambar daban. Yace to kaga, waɗannan ba 'yan gida ɗaya bane. A kamfani bayan an yanka su ana haɗa su biyun a inji a goga su da juna da wani lallausan abin gogewa har fuskar kowane haƙori ta zauna da ta ɗan'uwansa, sannan a basu lamba ɗaya, daga ranar sun zama mata da miji. Ni kuwa an ɗauko kurawun wata mota da finiyon wata aka ɗaura musu auren dole. Nace Baba ba za a iya saita su ba? Ya nuna min fuskar haƙoran inda suka cinye ta gefe ɗaya har sun yi kaifi, yace da ranar da ka fara jin kukan ka zo ma da wuya, balle yanzu da suka ci juna, ko na saita kukan na nan. Haka na sayi sababbi, gaba da baya, da sababbin boris da sil da kusoshin kurawun.

Kwana biyu Baba yayi a kan aikin da wancan ya gama kafin la'asar, kuma da na zauna na kalla na gane dalili. Farko zurfin finiyon, wato yadda zai shiga cikin kurawun, da wasu 'yan siraran washa ake saita shi da suke kira shim, wani ma bai kai kaurin takarda ba. Sai matsin boris ɗin finiyon. A tsakanin boris biyun akwai wani ɗan bututun ƙarfe da ke lotsewa in ana ɗaure babban notin, sau ɗaya ake amfani da shi, in ka zarce wajen ɗaurewa babu komawa baya sai dai ka jefar ka sa sabo. Mai aikin farko tsohon bututun ya mayar, ya kuma ɗaure notin da bindigar iska, shi yasa finiyon ke rawa in na saki totur. Baba kuwa ɗaurewa yake kaɗan kaɗan, ya ja sufana kamar rubu'in juyi ya tsaya, ya ɗauko wata 'yar ƙaramar sufanar awo mai allura ya juya finiyon ya duba, ya ƙara ja ya ƙara dubawa, har allurar ta zauna wajen 2 Nm, ma'aunin ƙarfin murɗawa kenan, yadda littafin motar yace wa sabon boris. Ya ba ni na juya da hannu, yana tafiya sumul amma da ɗan nauyi, in ka saki tsayawa yake nan take.

Sai 'yar ratar da ake bari tsakanin haƙoran kurawun da na finiyon dan mai ya samu shiga, kuma in ƙarfe yayi zafi ya buɗe kada su cije. Ya kafa wani agogon awo mai maganaɗisu, ya ɗora bakin allurar a kan haƙori ɗaya, ya riƙe finiyon gam, ya ɗan girgiza kurawun gaba da baya, ƙas ƙas, allura na motsi. Na motata littafi yace tsakanin 0.13 da 0.18 na milimita, wato kaurin takarda ɗaya da rabi haka. Kuma ba waje ɗaya ya auna ba, ya juya ya auna a wurare huɗu dan ya ga ko kurawun ya zauna daidai. Nace Baba duk shekarun nan hannunka bai isa ya gane ba? Yayi dariya yace hannuna ya kan gane idan yayi yawa sosai, amma tsakanin 0.15 da 0.25 ɗin nan ko ubangidan da ya koya min sai ya sa agogo.

Abinda ya fi burge ni shi ne fentin. Wani ruwan ɗorawa ne mai kauri da ba ya bushewa, ya shafa shi da ɗan burushi a haƙora huɗu ko biyar gaba da baya, ya sa yaronsa ya danne kurawun da tsumma dan ya yi nauyi, shi kuma ya juya finiyon ya wuce ta kansu ya dawo. Inda haƙoran suka taɓa juna sai fentin ya goge ya bar tambari. Karon farko tambarin ya fito can sama kusa da bakin haƙori, yace finiyon bai shiga ba, ya kwance komai, har boris sai da ya cire, ya ƙara shim. Karo na biyu ya nutse can gindin haƙori, yace ya zarce. Ni har na gaji na fara duba agogo. Karo na uku sai ga tambarin a tsakiya, dogo mai kama da ƙwayar ido, bai taɓa sama ba bai taɓa ƙasa ba, ya ɗan karkata ta ciki kaɗan, yace haka ake so dan in lodi ya hau zai baje ya miƙe ta waje. Kuma duk sanda ya taɓa shim sai ya sake auna ratar nan daga farko dan ɗaya na taɓa ɗaya. Dan haka in mutumin da ya aiko tambaya ya je wajen mai aiki, ba sai yayi dogon bincike ba, yace kawai a nuna masa agogon awo da fentin. In aka fara kame-kame ya ja motarsa.

Maganar mai ma kada a raina ta. Haƙoran nan ba a tsakiyar kurawun finiyon yake shiga ba, ƙasa da tsakiya yake, irin yankan da kamfanin Gleason na Amurka ya fito da shi Packard ta fara sa wa motocinta a 1926 dan farfela ta sauko ƙasa. Saboda haka haƙoran ba turin juna kawai suke ba har da gogar juna, shi yasa suke son man giya mai lamba GL-5, irin 80W-90 ko 75W-90, mai warin farar wutar nan da in ya taɓa riga sai ta gaji da wanki. Wanda nasa mai kuloci ne a ciki, wato LSD mai hana taya ɗaya wulwulawa ita kaɗai, akwai wani ƙarin ruwa da ake zubawa in man bai zo da shi ba, in ba haka ba zai ta jin kakkarwa a kwana. Sababbin haƙora kuma zafi suke yi sosai a farko. Baba yace in yi kamar kilomita 25 zuwa 30 in tsaya ya huce, in maimaita haka sau biyu ko uku, kada in ɗora lodi ko in ja komai sai na cika kilomita 800, sannan in dawo a zubar da man a sa sabo. Na ɗora hannu a ƙullutun bayan zagayen farko sai da na janye da sauri. Da muka buɗe a 800 ɗin akwai ɗan baƙin laushi kamar kwalli a jikin maganaɗisun notin zubar da mai, yace wannan ba komai, ɓarɓashi mai kaifi ne abin tsoro.

Ga wanda bai ma san lambar da ke motarsa ba, kuma da yawa basu sani ba musamman motar da ta bi hannu biyu uku, kada ya dogara da takardar jikin ƙofa ko ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a murfin bak aksil kaɗai, dan mai ita na da zai iya canzawa. Ya sa wa tayoyin gaba waigi, ya ɗaga tayar baya ɗaya da jak ya tokare da abin tokarewa mai ƙarfi, kada ya shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai dan Allah, giya a furi, hambirki a sake. Ya sa alama da alli a taya da farfela, ya juya tayar sau biyu cif yana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan kaɗan 4.10 ne, huɗu da rabi da ɗan ɗoriya 4.56, huɗu saura kwata 3.73. In yana son ya tabbatar ya juya tayar sau 20, farfela zata yi 41 in 4.10 ce. In tayar ta ƙi juyuwa ita kaɗai to LSD ne, sai ya ɗaga duka biyun ya juya sau ɗaya.

Wani abin da ke ba mutane mamaki a wajen saye, a wasu motocin kaskon da kurawun ke ɗaure a jikinsa ma sai an canza. Finiyon mai ƙarancin haƙora siriri ne, dan haka dole kurawun ya matso kusa da shi. A aksil ɗin da ake kira Dana 44 misali, daga 3.73 zuwa ƙasa kasko ɗaya ne, daga 3.92 zuwa sama wani daban, in zaka tsallake iyakar nan sai ka sayi kasko ko ka nemi kurawun mai kauri da aka yi dan haka. Ford 8.8 ita bata da wannan rigimar. Kuma kada a yi zari wajen lamba, 5.29 haƙora 37 ne da 7, finiyon ya zama ɗan ƙarami, haƙoran da ke ɗaukar nauyi a lokaci ɗaya sun ragu.

Masu son yin akasin nawa, su sauko daga 4.10 zuwa 3.55 ko 3.08 wai dan mota ta rage shan mai, su ma su yi lissafin 209 ɗin nan tukuna. In motar fayau take yawo a doguwar hanya kuma injin babba ne, ana samun sauƙi. In ƙaramin inji ne ko kullum cikin gari da lodi, sai dai kuloci ya ci wuya, otomatik kuma ta dinga hawa da sauka tsakanin giya biyu tana ɗaukar zafi.

Saura maleji. In motarka daga giyabos take karanta gudu, to duk canjin taya ko haƙora sai ya taɓa shi, har da lissafin kilomitan da ka yi. Ni da na sa manyan tayoyi agogo na nuna 100 alhali ina wajen 114, ban sani ba sai da na gwada da GPS ɗin waya. In kuma daga sensar ABS ta ƙafafu take karantawa, canjin haƙora ba zai taɓa agogon ba, sai dai sababbin motoci da yawa sai an shiga kwamfutarsu an faɗa mata sabuwar lambar in ba haka ba giyar otomatik ta rikice ko fitila ta kama. Tawa tsohuwa ce mai waya, bayan 4.56 agogon ya dawo yana nuna 98 in ina 100, na bar shi haka.

Malam Edita in mutumin nan na karanta wannan, ya sake rubuto muku da lambar da ke jikin tsohuwar tayarsa da ta sabuwar, da juyin da farfelarsa tayi a gwajin allin nan, da ko motar fo-wil ce, ya kuma faɗi ko lodi ya fi yi ko doguwar tafiya. In kun buga zan yi masa lissafin in aiko ta shafin nan in sha Allah.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Wani mai karanta shafin motoci